Lomar Farko

Markar bana ta zo da halinta na da. Ruwan ba ya yin ƙarfi ya wuce, ba ya kuma ɗaukewa, sai yayyafi mai naci daga safe har yamma. Wanki ya ƙi bushewa a kan igiya, gishiri ya jiƙe a cikin kwalba, ashana sai an yi ta gogawa kafin ta kama. Daga barandar gidana a Kafanchan nakan hango duwatsun Kagoro in gari ya yi haske, amma makon nan gajimare ya sauko ya zauna a kansu, ko alamarsu babu.

A irin wannan rana ce jikata Keziya ta baje littattafanta a kan tabarma tana shirin jarrabawa, tana karatu tana tsaki.

"Kaka, wannan tofik ɗin ya ƙi shiga kaina," ta ce. "Wai kemikal ne yake kontrol ɗin numfashi. Ni na ɗauka ni ce nake numfashi da kaina."

"In ke ce, wa yake yi miki in kin yi barci? Barcin naki da ko ganga ba ta tashe ki."

Aikin jinya na yi har na yi ritaya, don haka ta san inda ta kawo ƙara. Na ce ta toshe hanci ta rufe baki, kada ta saki sai na ce. Ta kumbura kumatu, idanu suka fara fitowa waje, ba a jima ba ta saki da wani irin haki, ƙaninta Dauda yana birgima don dariya.

"Wa ya ce ki saki?"

"Ba kowa. Na kasa ne kawai."

Na ce mata ai darasin ke nan. Naman jikin mutum ƙona abinci yake yi da iskar da muke shaƙa, kuma kamar kowace wuta yana da nasa hayaƙin, wanda littafinta ya kira kabon dayokzaid. In hayaƙin nan ya taru a jini, jinin yakan ɗan yi tsami. A gindin ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, akwai wurin da ba ya barci, aikinsa ya ji tsamin nan. A gefen wuya kuma, jikin manyan jijiyoyin da ke kai jini sama, akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ba su fi ƙwayar shinkafa ba, su ma ɗanɗana jini suke yi ba hutu, su ji ko tsami ya yi yawa, ko iska mai kyau ta yi kaɗan. Da sun ji abin da bai yi musu ba sai su kai ƙara, a ba ƙirji umarni ya buɗe. Ba a neman izinin mai jiki.

Muna cikin haka aka kawo abincin rana, shinkafa da wake a babban tire, aka ajiye wa yara. Mahaifiyata tana zaune a kujerarta ta kullum da bargo a kafaɗa. Yara suna ce mata Kaka Tsohuwa. Ba wanda ya san shekarunta, ita ma ba ta sani ba, kuma hankalinta yanzu zuwa yake yana tafiya. Wata rana ta kira ni Rifkatu, wata rana ta kira ni da sunan yayarta da ta rasu tun ban yi aure ba. Ta sunkuyo, ta miƙa hannu cikin tiren yara, ta yanki loma ta kai baki, sannan ta shimfiɗa tafin hannunta a kan abincin.

"Ku jira," ta ce.

"Kaka Tsohuwa ta fara kwaɗayinta!" in ji Dauda.

Takan yi haka, musamman ranar da ake ruwa. Yawanci uwarsu takan yi dariya ta janye tiren, ni ma in taya ta. Ranar nan dai, da maganar numfashi a bakina da ƙarar ruwa a kan rufin kwano, ban taya kowa dariya ba. Na ce wa Keziya ta rufe littafin, akwai abin da ba a rubuta a ciki ba.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, bayan Kagoro, sai an haye wani rafi kafin a kai hanyar mota. Babanmu ya rasu da rani, ina 'yar yarinyar da ta fara iya daka da ɗaukar ruwa. Ni ce babba, sai Ayuba, sai Lami da aka yaye ba da daɗewa ba. A wajenmu makoki ba ƙaramin abu ba ne. Dangi suka zo daga nesa, na uwa da na uba, 'yan majami'a suka zo, kowa kuma sai ya ci. Dawa ta yi ta fita daga rumbu, akuya ta tafi, kaji suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da baƙon ƙarshe ya ɗaura kayansa, Mama ta hau tsani ta leƙa cikin rumbu, ta daɗe ba ta sauko ba.

Da sama ta yi mana adalci, da mun lallaɓa. Amma ruwan farko ya zo da wuri ya yaudari kowa. Aka shuka, tsiro ya fito kore shar, sai sama ta kulle. Rana ta yi ta duka har ƙasa ta tsattsage, tafin ƙafa ba ya iya zama wuri ɗaya a kan hanyar gona. Tsiron ya lanƙwashe ya ƙone. Da ruwa ya dawo sai da aka sake shuka, kuma abin da aka sake shukawa daga bakinmu aka ɗebe shi. Acca, wadda ita ce ke riga kowa nuna ta fitar da mu daga yunwar damina, ta makara. Mangwaro ya ƙare. Sai ga marka ta sauko a kan gari mai rumbuna wayam.

Abincinmu ya koma ganye. Rama, yakuwa, tafasa, ganyen wake, duk abin da ya fito kore bai kashe akuya ba. Mama takan jefa ɗan tsaki a tukunya don a ce fate ne, amma in ka sa cokali sai ka yi ta neman tsakin kamar mai neman allura. Da sassafe mukan bi gindin itatuwa neman naman kaza, in shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi bayan ruwa mu bi shi da ƙwarya, mu soya ba mai. Ganye yana cika ciki amma ba ya zama. Kafin ka wanke hannu ya wuce, ya bar ka da ƙugi da gudawa.

Yunwa tana da matakai, na san su tun kafin in karanta su. Da farko ciki ne ke kuka yana murɗawa. Sai bakinka ya riƙa cika da yawu in ka ji ƙanshin hayaƙin wani gida, wani ruwa mai tsami yana taso maka har maƙogwaro. Daga baya na koyi cewa tumbi ba ya jiran abinci ya iso. Da hanci ya ji ƙanshi yake fara zuba ruwansa mai narkar da abinci, in bai sami abin narkarwa ba ya dame ka. Bayan wannan sai ciki ya yi shiru, sanyi ya shige ka, ka ga tashi daga zaune ya zama aiki. Mu kuma a lokacin ake ta noma, don ciyawa ba ruwanta da wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Gayya ce ta riƙe gari. Yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan. A shekarar ƙoshi mai gona yakan fito da tuwo da kunu har a bar saura. Shekarar nan kunun da ake kawowa kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa, ba kuma wanda ya ce uffan. Matan zumuntar majami'a sun yi wa Mama noman gonarmu saboda takaba, ita ma ba ta yarda a yi gayya ba ita ba. Takan ɗaura ɗankwali a ciki ta ja shi tam, ta ɗauki fartanya ta fita cikin yayyafi, suna noma suna waƙar majami'a a hankali don kada ƙarfi ya ƙare a waƙa.

Abin da ya rage mana shi ne rogo. Baba ya shuka shi a gefen gona ta wajen dutse, kuma mai ɗaci ya shuka da gangan, don birai suna saukowa su tone mai daɗi, amma wannan ko sun tone sukan yar. Biri ya san abin da yake yi. Rogon nan yana da dafi, sai an yi masa aiki. A tone, a fere, a yanka, a zuba a kwando, a kai rafi a danne da dutse. Nan zai zauna ruwa yana bi ta cikinsa har ya yi laushi, ya fara wari mai tsami, in ka matsa ya narke a hannu. Sannan a matse, a shanya a kan falalen dutse har ya bushe ƙarau, a daka ya zama alabo. Da marka ba rana, sai mu baza shi a faifai mu rataye a saman murhu, tuwon ya fito da launin toka da warin hayaƙi. Mukan cinye har mu lashe kwano.

Akwai abin da matan ƙauyenmu ke yi da kowane sabon jiƙo. Ba a ba yara sai an gwada. A shekarar ƙoshi kare ake jefa wa ɗan tuwon da safe, ko kaji, in rana ta take tsaka suna nan garau sai kowa ya ci. Ni a lokacin ban san gwaji ba ne, na ɗauka kare ne ke da gata. Shekarar nan kaji sun ƙare a makoki, karenmu kuma ya gaji da gidan da ba a yar da komai, ya bi wasu mafarauta.

Mun saka kwando babba a rafi, ya yi laushi, warinsa ya yi daidai. Mama ta ce gobe za mu kwaso. Da safe muka je, ni da ita, muka tarar rafi ya cika ya batse, ja wur, yana jan rassan itace. Ruwan da aka yi a kan dutse ne ya gangaro. Ba kwando, ba dutsen da muka danne shi da shi. Mama ta bi gaɓa har wajen kwana, tana leƙa cikin ciyayi, zanenta ya jiƙe har ƙugu. Ta dawo hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in ɗauko fartanya, muka wuce gona muka tono wani, muka fere, muka jiƙa shi a wani ɗan kwari da ruwa ba ya ja sosai.

Sai jira. Rogo ba ya jin roƙo, lokacinsa yake ɗauka. Mu kuma ganye zalla, ko tsakin nan na yaudara ya ƙare. Ayuba ya yi ta kuka yana bin Mama. Lami ma ta yi kuka, sannan ta daina, ta kwanta a tabarma tana kallon rufin ɗaki, ƙuda ya sauka a leɓenta ba ta kora. Shirun nan na Lami shi ya tsorata Mama.

Wata safiya ta je kwari ita kaɗai ta dawo da rogon. Na taɓa, na ji yana da sauran ƙarfi a tsakiya, warin kuma bai kai ba. Ta daka shi a turmi, ta ƙulle a zane ta matse iya ƙarfinta, ta soya shi a kasko har ya yi gari, ta tuƙa tuwo. Ƙanshin ya cika ɗakin. Ayuba ya ɗauko kwanonsa ya zauna a gabanta. Ni ma na wanke hannu.

Mama ta ɗebi tuwon a kwano ta juya mana baya ta ci. Ba ɗan gutsure ba, ci ta yi sosai, ina jin yadda take haɗiyewa. Sannan ta rufe tukunyar da faifai, ta ɗora ta can kan katangar ɗaki inda hannun Ayuba ba ya kai.

"Rifkatu, kada kowa ya taɓa sai na dawo daga gayya."

"Mama, ke kin ci. Mu fa?"

"Na ce ku jira."

Ta ɗauki fartanya ta fita. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushinta a ranar ba. Uwa ta ci ta bar 'ya'yanta! Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayanta cikin yayyafi.

Rana ce mai tsawo, ko da yake ranar ba ta fito ba. Ayuba ya jawo turmi zai hau, na ture shi, muka yi kokawa har ya cije ni a hannu. Ya koma gefe yana shessheƙa yana cewa ni ma muguwa ce. Ƙanshin tuwon bai bar ɗakin ba. Na goya Lami na yi ta zagaye da ita, kanta yana lilo a bayana kamar ba a ɗaure yake da wuya ba. Can da na ga lokacin tashi daga gayya ya yi ba ta dawo ba, sai na ce a raina ai ta riga ta ci nata, mene ne amfanin jiran. Na hau turmin da na hana Ayuba, na sauko da tukunyar, na buɗe. Na zaunar da Lami, na wanke mata hannu, na gutsuro tuwon ina murza shi ya yi laushi.

Numfashin Mama na fara ji kafin in gan ta. Wani irin ja da saki ne mai zurfi, da sauri, kamar zugazugin maƙeri, yana tahowa ta bayan danga tare da muryoyin mata. Suka shigo da ita riƙe, ƙafafunta suna jan ƙasa, ta yi amai a gaban rigarta. Idonta ya faɗa kan tukunyar a buɗe, sannan kan hannuna.

"Kun... ci?"

"A'a, Mama."

"Buɗe... bakinta."

Wata daga cikin matan ta buɗe bakin Lami da yatsa, ta buɗe na Ayuba, ta ce ba komai. Sai a sannan Mama ta saki jiki ta zube a tabarma. Matar ta ɓamɓare tuwon daga hannuna, ta kankare mini tafin hannu da toka kamar na taɓa kashi.

Ba tari Mama take yi ba, ba kuma abin da ya toshe mata wuya. Iska tana shiga tana fita ba abin da ya tare ta, amma ba ta isar ta. Tana kwance tana haki kamar wadda ta hau dutse da gudu da kaya a ka. Ta ce kanta zai tsage, ɗakin yana juyawa. Hannuwanta suna rawa, jikinta ya yi sanyi, gumi yana keto mata. Asibitin mishan yana hayin rafi, rafin kuma ko namiji mai ƙarfi bai isa ya haye shi ba a ranar, balle da mara lafiya. Abin da ke hannun mata shi suka yi. Suka ba ta ruwan gishiri ta ƙara amai, wata ta ruga gida ta kankaro ɗan manjan da ya rage mata a kwalba aka ɗura wa Mama. Mai wa'azin ƙauyenmu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa cikin ruwa yana addu'a, yana ta maimaita cewa Ubangiji ya dubi marayun nan.

Akwai wata Bafulatana, Inna Adama, da rugarsu take gefenmu na rafi. Kullum takan kawo nono Mama ta ba ta dawa, amma tun da rumbu ya ƙare ta daina tsayawa don kada ta ba mu kunya, sai gaisuwa daga bakin danga. Ranar ta ga taron mata ta shigo. Ta sauke ƙwaryarta ba ta tambayi kowa ba, ta ɗebi madara a ludayi ta ɗaga kan Mama tana ba ta kaɗan-kaɗan a tsakanin haki.

"Sha, Saratu, sha. Allah yana nan."

Sauran ta zuba mana a kwano. Lami ta kama kwanon da hannu biyu, sai da aka ƙwace.

Ni dai na zauna kusa da Mama na ɗora hannu a ƙirjinta. Yana tashi yana sauka da ƙarfin da ban san ƙirjin mace ramamme yana da shi ba. Tsoro nake ji ya tsaya, ina kuma roƙo ya lafa, ban san wanne zan roƙa ba. Haka muka zauna, ruwa yana ɗiga ta rufin ciyawa cikin kasko. Wajen la'asar na ji tazarar da ke tsakanin ja da saki ta fara faɗi. Kafin shanun su Inna Adama su wuce gida, Mama tana numfashi irin na mai barci, bakinta a ɗan buɗe.

Tuwon kuwa rami aka haƙa a bayan gida aka binne shi da zurfi don kada aladen maƙwabta su tone. Ayuba ya tsaya a bakin ramin yana kuka fiye da yadda ya yi a jana'izar Baba. Har yau in na so tsokanarsa, da furfurarsa da jikokinsa, nakan tambaye shi ko ya je gaida kabarin tuwo.

Washegari kwanoni suka fara shigowa. Wannan ta kawo gwaza biyu-uku, waccan ɗan tsaki a ƙullin zane, daga gidajen da na san su ma ba su da shi. Inna Adama ta koma tsayawa kullum da ludayinta. Da haka muka ja har acca ta nuna. Ranar da aka sussuke ta farko, Mama ta cika ƙwarya ta ɗora mini a ka ta ce in kai ruga. Da yamma ta tuƙa tuwon acca da miyar karkashi, fari tas, ba abin tsoro a cikinsa. Duk da haka sai da ta yanki loma ta ci kafin ta turo mana kwanon.

Sai da na shiga makarantar jinya na gane abin da na gani. Malaminmu yana zana hanyar abinci a allo, daga baki inda haƙori da yawu ke fara aiki, zuwa tumbi inda ake dama shi, zuwa ƙaramin hanji inda ake gama narkar da shi ya ratsa ya shiga jini, jinin ya bi da shi ta hanta. Ya ce tafiyar nan tana ɗaukar lokaci, shi ya sa wani dafin ba ya nuna kansa a baki, sai ya yi nisa a ciki. Ya kawo misali da rogo mai ɗaci. Ya ce dafinsa a ƙulle yake, jiƙo da shanya ne ke kwance shi ya bi ruwa da iska. In ba a bari ya fita a rafi ba, a cikin hanji zai kwance. In ya shiga jini sai ya hana naman jiki amfani da iskar da huhu ya kawo. Iska ga ta, amma jiki yana shaƙewa. Tsami ya taru a jini, 'yan ƙulle-ƙullen nan na wuya su ɗanɗana su ta da ƙara, ƙirji ya yi ta bugawa don ya fitar da tsamin. Wato hakin da ya tsorata ni ba shi ne ciwon ba, jikinta ne yake faɗa.

Sannan ya ƙara da abin da ya sa na ajiye biro. Ya ce hanta tana iya kashe dafin nan in bai yi yawa ba, amma da abin da take samu daga nama, ƙwai, wake da madara take aikin. Mai ƙoshi zai iya cin rogon ya tsira da ciwon kai. Wanda ya daɗe cikin yunwa shi ne ba shi da abin faɗa. Na tuna yadda Mama ta yi makonni tana juye rabonta a kwanon Lami tana cewa ta ci a gona. A duk gidan, in ban da Lami, ita ce ta fi kowa rashin abin faɗa, ita ce kuma ta ci. Na nemi izini na fita, na je bayan ɗakin wanki na yi kuka har na gode Allah. Ko manjan ne ya taimaka, ko madarar, ko aman, ko addu'ar, ba zan rantse ba. Na dai san tazarar da ke tsakanin hannuna da bakin Lami.

Da na zo hutu na same ta tana tsince acca a faifai. Na ce, "Mama, ranar nan ta rogo, kin san zai iya kashe ki?"

"Na sani mana."

"To don me kika ci da yawa haka?"

"In na ci kaɗan ba zai faɗa mini gaskiya ba."

"Da kin mutu fa?"

Ta hura ƙaiƙayi daga faifan, ba ta ko ɗago kai ba. "Da na mutu, ai kun sani ke nan. Ba za ku ci ba."

Yanzu garin rogo a buhu ake sayar da shi a kasuwar Kafanchan, inji ke gurzawa, an kuma yi gada a kan rafinmu, babur yana kai mutum asibiti kafin ruwan zafi ya tafasa. Ba wai yunwa ta bar ƙasar nan ba, na ga matan da ke zuwa awo asibiti da ɗankwali ɗaure a ciki na gane ɗaurin. Amma jikokina ba su san ta ba. Dauda yakan ture kwano don wake ya yi yawa, ni kuma ban taɓa yi masa faɗa da zuciya ɗaya ba.

Duk wannan a gurguje na ba Keziya shi, ban kai rabin abin da na rubuta nan ba, don abinci yana jira. Hannun Kaka Tsohuwa yana nan a shimfiɗe a kan tiren, fatar ta yi laushi, jijiyoyi sun fito. Tana ta mamular lomar da dasashi. Dauda ya gaji, ya zuro cokali ta gefe. Keziya ta kama wuyan hannunsa.

"Ka jira," ta ce.

"Abincin zai yi sanyi fa!"

"Ya yi."

Tsohuwar ta haɗiye. Ta ɗora ɗaya hannun a ƙirjinta, ta karkata kai kamar mai sauraron wani yana tahowa daga nesa. Ruwa yana ta zuba a kan kwano. Ban san wace shekara take ciki ba, ban san ko su wa take gani a gabanta ba. Muka zuba mata ido, bargon yana tashi yana sauka a hankali, a hankali. Da ta gamsu, sai ta janye hannunta, ta tura tiren wajen yaran, ta dubi Keziya.

"Rifkatu, ba wa Lami ta fara ci," ta ce. "Ba komai a ciki."

Shinkafar ta riga ta yi sanyi. Muka cinye ta tas.